Zogalen Kurege da Sandar Baba Kunkuru

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ban iya jera magana ba. Ko a aji aka ce in tashi in yi karatu, muryata rawa take yi. A bayan ɗaki nake zaune, tsinkar ganyen miya aka aiko ni, ba wanda ya san abin da nake yi. Inda kuka ga na karkace, ku miƙe shi a ranku kawai.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ba kowa kusa da ni sai kajin Inna, su kuwa ba sa amsawa. Ku amsa daga inda kuke: ta zo mu ji ta.

An yi wani Kurege a wani gari na bakin rafi. Mutanen garin nan kowa da ɗan lambunsa a bayan gida, na wani kamar faɗin tabarma, na wani ya fi haka. Suna kuma da wata al'ada. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, sai a yi ranar musaya. Kowa ya ɗauki abin da ya yi masa kyau bara, iri ne, ko dashe, ko saiwa, ya bi lambunan maƙwabta. In ka isa bakin shinge sai ka ce, "Salamu alaikum, na kawo nawa." Mai lambu ya ce, "Shigo ka ɗebi naka." Ba a shiga hannu rabbana, ba a fita hannu rabbana. Da haka barkonon gidan gabas yake zuwa gidan yamma, yakuwar gidan yamma ta dawo gabas. In na wani ya mutu, ya san gidan da zai je ya samo.

Lambun Kurege shi ne na ƙarshe ta wajen ruwa, inda ƙasa take baƙa wuluk. A cikinsa akwai bishiyar zogale, ita kaɗai ce a garin kaf. Uwarsa ce ta ƙullo ƙwayar a bakin zaninta daga wata tafiya mai nisa, ta shuka, ta yi ta ban ruwa. Shekarar da bishiyar ta fara fure, uwar ta kwanta ciwon ajali. Ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, in ya yi 'ya'ya ka raba wa mutane. Kar ka bar shi a gida ɗaya."

Ya ce, "To, Iya."

To, kun san zogale. Wanda ya ci kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli sau ɗaya, sai ya nemi ƙari. Kullum da safe ƙofar Kurege ba ta rabuwa da mutane. Wannan ta ce, "Ɗan sammin na miya." Wancan ya ce, "Matata ce ke jego, a taimaka." Har suna aka sa masa, Mai Zogale. In ya bi ta hanya sai a ce, "Mai Zogale, barka da fitowa." Shi kuwa sai ya ɗaga jela, ya amsa da ka.

Ana nan, ana nan, bishiya ta yi 'ya'ya, dogaye, suka bushe suna kaɗawa. Ruwan farko ya sauka. Aka sa ranar musaya.

Kurege ya zauna a gindin bishiyar ya yi tagumi. Ya ce a ransa, "Yanzu in na raba irin nan, baɗi kowa da nasa. Wa zai zo ƙofata? Wa zai ce mini Mai Zogale? In kuma na hana, a ce na karya al'ada, ni ma a hana ni."

Sai ya tashi ya hau bishiya. Ya tsinke 'ya'yan kakaf, garin sauri har ya karya wani reshe, ya jefar gefen shinge. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ya ɓare su duka, ya ɗora kasko, ya zuba yashi kamar mai suyar gyaɗa. Ya yi musu suya sama-sama, yadda cikin zai mutu amma bayan ba zai canja ba. Ya ɗan tsaya da hannu guda na ɗanye, kamar zai ajiye. Sai ya ce, "A'a, in na ajiye wani ya sace. Ai uwar tana nan, baɗi ma za ta yi." Ya watsa su cikin kaskon. Da suka huce ya ɗura a gora, ya toshe, ya fito ya zauna bakin shinge yana murmushi.

Bushiya ce ta fara zuwa, da irin kuɓewa a 'yar ƙwarya.

"Salamu alaikum, na kawo nawa."

"Shigo ki ɗebi naki."

Ta ce, "Mai Zogale, wannan kuɓewar 'yar gajera ce, tun tana gwiwa take fara 'ya'ya. Ka jiƙa ta kafin ka shuka."

Ya karɓa, ya zazzaga mata daga gora. Ta yi ta godiya har tana durƙusawa.

Sai ga Hawainiya, tana taku ɗai-ɗai, da dashen barkono a naɗe cikin jiƙaƙƙen ganye.

"Salamu alaikum, na kawo nawa."

"Shigo ki ɗebi naki."

Ta ce, "Wannan barkonon na kakata ne. Ƙwaya ɗaya ta ishi tukunya. In ka sa biyu, ba ruwana."

Ya karɓa, ya zazzaga mata. Ta juya ido ɗaya ta dubi irin, ɗaya idon ta dubi Kurege.

Sai da rana ta yi sanyi Baba Kunkuru ya iso, tsoho ne, gidansa can ƙarshen gari kan tudu. Tun safe ya fito. Yana haki ya ce, "Salamu alaikum, na kawo nawa."

Kurege ya ce, "Shigo ka ɗebi naka, Baba. Musayar bana ka zo, ko ta baɗi ka yi wa sammako?"

Baba Kunkuru ya ce, "Duk wadda na tarar, ɗan nan." Ya miƙa irin kabewa, aka zazzaga masa nasa. Zai juya ke nan ya yi tuntuɓe da kunyar shuka, ya kusa kifewa. Kurege ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko reshen nan da ya karye, ya zage ganyen, ya miƙa masa.

"Ungo sanda, Baba, ko ka isa gida kafin girbi."

"In dawo maka da ita?"

"Me zan yi da ita? Na ba ka halak malak."

Hawainiya kuwa har lokacin ba ta gama fita daga shingen ba. Ta ji.

Damina ta kankama. Lambun Kurege ya yi kyau har ba a magana. Kuɓewar Bushiya ta yi 'ya'ya tun tana gwiwa. Barkonon Hawainiya ya yi jawur. Kabewar Baba Kunkuru ta yaɗu har ta haye shinge. Su kuwa can kowa ya gyara wuri, ya zuba taki, ya shuka zogale, yana jira. Shiru.

Bushiya ta zo ta ce, "Mai Zogale, nawa fa bai fito ba."

Ya ce, "Kin zurfafa rami."

Hawainiya ta zo ta ce, "Nawa bai fito ba."

Ya ce, "Kin cika masa ruwa."

Baba Kunkuru ya yi aike cewa nasa ma shiru.

Kurege ya ce, "A gaya masa zogale ba ya son hannun tsufa."

Kowa ya koma yana zargin kansa. Ƙofar Kurege kuwa ta ci gaba da cika da safe.

Sai marka ta zo. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, yau ruwa gobe ruwa, har rafi ya cika ya tumbatsa. Wata safiya Kurege ya ji ƙugi. Kafin ya ce me, ruwa ya shigo lambu. Ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Yana gani ruwa ya ɗebe kuɓewa, ya ɗebe barkono, ya naɗe kabewa kamar tabarma. Yana gani bishiyar Iya ta karkata, ta sake karkata, ta tuge da saiwarta duka, ruwa ya yi gaba da ita. Ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Da ruwa ya janye ya sauko. Ba komai sai laka da yashi. Inda bishiyar take, rami ne. Abu ɗaya ne ya tsira, goran nan da ke rataye a rufin ɗaki. Ya girgiza shi, ya ji caka-caka. Ya san abin da ke ciki.

Ya zauna bakin ramin har rana ta take. Ba sunan Mai Zogale kaɗai ya tafi ba. Abin da Iya ta bari ke nan a duniya, ba zane, ba tukunya, sai wannan bishiyar. Can sai ya ce, "Kasko ai ba ya cin ko'ina daidai. Wataƙila ƙwaya ɗaya ta tsallake wuta, ta fito a gidan wani." Ya rataya gora a wuya, ya kama hanya.

Ya je bakin shingen Bushiya. Ya buɗe baki zai ce na kawo nawa, sai ya tuna ba abin da ya kawo.

Bushiya ta ce, "Haba, shigo. Wanda ruwa ya yi wa ɓarna ba a tambayarsa me ya kawo. Sannu, Allah ya mayar da alheri."

Ta zagaya da shi. Ga kuɓewa, ga rama, ga lalo. A tsakiya ga wani wuri an share shi tas, an kewaye da ƙaya, ƙasar a jiƙe, ba ko tsinke a ciki.

Ta ce, "Nan ne na zogalen. Har yau ina duba shi. Ni dai na san hannuna ne ba shi da kyau." Ta ɗebo busasshiyar kuɓewa ta zuba masa. "Wadda ruwa ya ci, ga uwarta nan. Ka sake."

Ya karɓa, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ya je gidan Hawainiya. Ita ma ta yi masa jaje, ta zagaya da shi. Barkono ja, barkono kore, gauta, ga albasa a fasasshiyar tukunya. Ga kuma wurin zogale, wayam.

Ta ce, "Na tono ɗaya na duba. Bai ruɓe ba, bai tsiro ba. Yana nan yadda ka ba ni. Ka taɓa ganin iri haka?"

Ya ce, "Ikon Allah ke nan."

Ta ce, "Haka ne." Ta cire masa dashen barkono, ta naɗe a ganye.

Saura gidan Baba Kunkuru. Kurege kamar kar ya je, don hawan tudu ne, kuma me tsoho zai iya? Ya dai daure ya hau.

Lambun Baba ɗan ƙarami ne, a bayan ɗaki. Kabewa ta haye rufi ta kwanta, 'ya'yanta kamar tulu. Na'ana'a ta cika wata tsohuwar ƙwarya har tana zubowa. Ga ɗoɗɗoya a bakin hanya, in ka goge ta sai ƙamshi ya tashi. Baba Kunkuru yana gaba a hankali yana bayani, wannan daga gidan wane, wancan daga gidan wance. Kurege yana biye yana cewa uhm, uhm, idonsa na neman wurin zogale. Ya gan shi. Wayam, kamar na sauran.

Zai juya ke nan, iska ta kaɗa. Wasu 'yan ƙananan ganye suka taɓa masa kunne. Ya ɗaga kai.

A jikin shinge, daidai inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, ga zogale tsaye. Ya fi shingen tsawo, ya yi rassa, ganye shar.

Kurege ya ce, "Baba, wannan fa?"

Baba Kunkuru ya ce, "Af, sandarka ce. Da na iso gida ran nan, sai na tarar akuyar maƙwabta ta huda shinge. Ba ni da abin toshewa sai ita, na soka a wurin. Ban sake bi ta kanta ba. Wata rana na zo zubar da ruwa sai na ga ta yi toho. Ni kaina na yi mamaki. Ashe abin nan ko sanda ka kafa kamawa yake." Ya laluba ya ɗauko wuƙa. "Dama ina ta cewa in aika maka. Tsaya in yanko maka reshe mai kauri, ka je ka kafa a wurin na mahaifiyarka."

Yara, da Kurege ya yi shiru a nan, da tatsuniya ta ƙare lafiya. Reshe yana hannun Baba, wuƙa tana kai. Amma sai ya tuna ƙofarsa da safe. Ya tuna Mai Zogale. Ya ce a ransa, "In sanda kawai ake kafawa, ai kafin baɗi gari ya cika."

Ya ce, "Dakata, Baba. Ba reshe na zo karɓa ba. Sandata na zo karɓa. Aro na ba ka."

Baba Kunkuru ya sauke wuƙa. "Aro?"

"Aro. Duka zan tone in tafi da abata. Kuma kar a yankar wa kowa."

Baba ya ce, "To. Maganar ta fi ƙarfin mutum biyu. A kira jama'a."

Aka kira jama'a. Bushiya ta zo, Hawainiya ta zo, masu lambu duk suka cika bayan ɗakin, suna ta kallon zogale suna salati. Kurege ya maimaita, aro ne.

Hawainiya ta ce, "Ina bakin shinge ranar. Baba ya ce, in dawo maka da ita? Ka ce, me zan yi da ita, na ba ka halak malak. Har da dariya. Ni tafiyata ce ba sauri, kunnena lafiya lau."

Aka yi gunaguni. Kurege ya ga wannan hanyar ta toshe, sai ya sake wata. Ya ciro gora daga wuya ya ɗaga sama, ya girgiza, caka-caka.

"To, na ji. Musaya za mu yi. Salamu alaikum, na kawo nawa! Ga irin zogale gora guda, bishiya ɗari ce a ciki. Baba ya karɓa ya ba ni guda ɗayan nan. Wa ya ci riba?"

Baba Kunkuru ya daɗe yana kallon goran. Sannan ya ce, "Musaya ce mai kyau. Sai dai mu mun shuka irin nan bai fito ba. An ce wata ta zurfafa rami, wata ta cika ruwa, ni kuma hannuna ya tsufa. Wataƙila hannun mai shi yake jira. Ga wuri nan a gyare, da takinsa. Ka shuka da kanka, ka yi ban ruwa da kanka. Ranar da ƙwaya ɗaya ta tsiro, ko ɗaya tak, ka zo da fartanya ka tone bishiyar. Kafin nan tawa ce, wanda ya kawo nasa zan yankar masa."

Jama'a suka ce, "Wannan gaskiya ce."

Hawainiya ta matso kusa da Kurege, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "In akwai abin da ka sani game da irin nan, faɗi yanzu. A yi maka faɗa, a gama, ka karɓi reshe kamar kowa ka tafi gida. Bishiyar uwarka ce."

Kurege ya dubi zogalen. Ya dubi Bushiya, wadda ta yi damina guda tana zargin hannunta. Ya dubi jama'a, duk ido a kansa. Sai ya ɗaga jela ya ce da ƙarfi, "Iri ne mai kyau."

Baba ya ce, "To, bismilla."

Ya durƙusa ya shuka, kowa na kallo.

Tun daga ranar, kullum da safe Kurege zai hau tudu da tulu a ka. Ya zuba ruwa. Ya tona ya duba. Ƙwaya tana nan yadda ya sa ta. Ya mayar ya rufe. Yana durƙushe zai ji an yi sallama a bakin shinge.

"Salamu alaikum, na kawo nawa."

"Shigo ki ɗebi naki."

Ƙyas, wuƙa ta ci reshe. Bushiya ta wuce ta gabansa da nata a kafaɗa. Ta ce, "Sannu da aiki. Ya fito?"

Ya ce, "Ya kusa."

Hawainiya ta wuce da nata. "Ya fito?"

"Ya kusa."

Zogale kuwa, da an yanke shi sai ya ƙara toho. Waɗanda suka kafa, nasu ya kama, su ma suka yankar wa wasu. Kafin a jima ba shingen da ba zogale a garin nan. Mai jego ta miƙa hannu ta bayan ɗaki ta tsinka. Ba wanda ya sake zuwa ƙofar kowa roƙon ganye. Abin da Iya ta ce a yi ya yiwu, bishiyarta tana kowane gida. Gida ɗaya ne kawai babu, gidan ɗanta. Can bakin rafi ramin yana nan, ciyawa ta rufe shi.

Shi ya sa har yau in kun shuka gyaɗa ko masara, za ku ga kurege ya bi layi yana tonawa. Ya ciro ƙwaya, ya miƙe tsaye ya jujjuya ta a hannu, ya duba. Nasa yake nema, ko ya tsiro. In ya ga ba shi ba ne, haushi ya sa ya cinye.

Ku kuma in aka ba ku shuka, ku ba wani. Wanda ka ba, ajiya ka yi a lambunsa. Ranar da naka ya mutu, can za ka je ka tarar da shi a raye.

Ƙurunƙus, kan kurege da jelarsa, ya faɗa gora an toshe.

Namu zogalen da nake zaune a gindinsa ma reshe ne, Inna ta ce daga gidan Gwaggo Tasalla aka kawo, aka ba ta saiwar lalle a madadinsa. Ga Innar can tana ƙwala mini kira, ni kuwa ko rabin ƙwaryar ban cika da ganye ba.